FAIFAN DA BABAN AKU YA ƁOYE

Shafi na 19

Ku da kuka hana wayata sakat tun jiya, har da mai cewa za ta biyo ni gida ta ƙwace rubutun, to ga shi. Amma mai raunin zuciya ta nemi kujera tukun, ba na son a ce ni na kayar da wata a kicin.

*

Tun da suka sauko daga tasi Auta ba ta saki jakarta ba. Hannu biyu ta sa ta danne ta a saman cikinta ɗan wata bakwai, tana tafiya tana waige kamar wadda ta ɗauko kayan sata.

"Ke wai zinari kika zubo a jakar nan?" in ji Yaya, babbar yayarta, da ke gaba tana buɗe musu hanya cikin cunkoson layin masu kayan lantarki. "Kawo in riƙe miki, ki ji da tulun da ke gabanki."

"Bar shi, Yaya, ba nauyi."

Ƙarya take yi. Faifai ne guda ɗaya tak a ciki, amma tun jiya da ta tsince shi tsoro bai bar ta ta yi numfashi mai daɗi ba.

Sati uku ke nan da 'yarta ta canza. Yarinyar da aka laƙaba wa Aku saboda surutu, 'yar shekara shida da ko a barci sai ta yi magana, ita ce yanzu take wuni riƙe da kai. Da safe amai. In tana tafiya sai ta bangaji ƙofa kamar ba ta gan ta ba. Auta ba ta samu kai ta asibiti da kanta ba, don ita ma likita ya kafa mata doka: jininta ya hau, ban da wahala, ban da tashin hankali, in ba haka ba daga ita har abin da ke cikinta ba tabbas. Baban Aku ne ya riƙa kai ta, sau huɗu suna komawa. Ƙarshe ya dawo ya ce ciwon ido ne, tabarau za a ba ta.

Mutumin da suka shekara tara tare! Ai ko ta bayan labule ta san muryarsa in yana ƙarya. Sau uku tana tambayarsa, sau uku yana sosa ƙeya yana cewa ido ne.

Jiya hannun tukunya ya kwance mata, ta buɗe akwatin kayan waldarsa tana neman filaya. Can ƙasa, ƙarƙashin tsohuwar safar hannu, sai ga ambulan. Faifai ne a ciki, cikin gidansa na roba da ya tsage aka liƙe da salatif ruwan ɗorawa. Ga tambarin asibiti, ga sunan 'yarta, ga ɗan zanen kan mutum a gefe. Kai, ba ido ba.

Bidiyon gidansu ta mutu tun bara, ranar da Aku ta ɗura mata biskit wai ita ma ta ci. Shi ya sa Auta ta ƙudura a ranta yau sai ta sayo wata, ta kulle ɗaki ta ga abin da ake ɓoye mata kafin mijinta ya dawo daga aiki. Ba ta so rakiya ba, amma Yaya ta faɗo mata gida tun bakwai da rabi, wai kewarta take ji. Dole ta ce mata na'urar kallo za ta sayo wa Aku, ko kartun zai sa ta sake.

Suka shiga wani shago mai zurfi. Talabijin bakwai jere a bango, duk abu ɗaya suke nunawa. Wani dattijo mai farin gemu ya ɗago daga kan rimot da yake gyarawa, tabarau a ƙarshen hanci.

"Sannunku da zuwa. 'Yata, zauna tukun, ba a ciniki da mai ciki a tsaye."

Ya turo mata benci. Auta ta zauna a bakin-baki.

"Baba, abin kallon faifai nake so."

"Iri uku gare ni." Ya sauko da kwalaye ya jera a kan kanta. "Wannan ta farko faifai kawai ta sani, ba ruwanta da zamani. Irina ce, ga ƙarko ga taurin kai. Ta biyun tana cin tsohon faifai da sabon nan mai hoto tangaran, sannan tana kama intanet ba tare da an ja mata waya ba. Ko ba faifai a gida, sai ki zaɓi fim ki kalla kai tsaye. Ta ukun ita ce uwarsu. Duk abin da ta biyu take yi tana yi, ga makullin yara, ga tuna inda aka tsaya, har da wayarki za ki iya juya ta."

"Wacce ce take buɗe kowane irin faifai?" Auta ta tambaya.

"Kowane iri kamar yaya?"

"Kowane iri dai."

"To ta biyu da ta uku sun fi haƙuri da faifai."

"Ba ni ta biyun."

"Ke tsaya!" Yaya ta dafa kwalin. "Haka ake sayayya kamar ana korar ki? Baba, buɗe mana su duka mu gani."

Auta ta dube ta. Yaya ce fa, wadda in ta shiga kasuwa ko gaisuwar kirki ba ta tsayawa yi, wadda ta taɓa barin takalmi a hannun mai shago don ya daɗe yana neman leda. Yau ita ce ta gyara zama tana tambaya ɗaya bayan ɗaya.

"Wannan mai intanet ɗin, data take sha sosai?"

"In kika sa hoto mai tsabta, za ta sha. Akwai inda ake rage shi."

"In wuta ta ɗauke ana tsaka da kallo fa?"

"Sai a jira ta dawo, Hajiya, ba ta da ciki na ajiya."

"Garanti fa?"

"Shekara guda."

"Babu mai ruwan toka? Baƙar nan ƙura za ta riƙa nunawa."

"Yaya, don Allah," Auta ta ce.

"Ke yi min shiru. Baba, nuna min yadda ake nemo kartun ɗin."

Dattijon ya jona ta biyun a ɗaya daga cikin talabijin ɗin, ya haɗa ta da intanet ɗin shagon. 'Yan hotuna suka jeru reras. Ya danna ɗaya, wata agwagwa mai hula ta fito tana tsalle. Yaya ta ƙyalƙyale da dariya fiye da yadda abin ya kai, amma idonta na kan wayar da ke tafin hannunta. Karo na biyar ke nan Auta na ganin ta kunna fuskar wayar ta kashe.

"Kiran wa kike jira ne?"

"Ni? Ba kowa. Lokaci nake dubawa."

"Ga agogo can a bango."

"To na saba da nawa."

Mai shagon ya kashe kartun ɗin ya danna maɓalli, bakin na'urar ya zuro waje.

"Saura faifai. Ni ƙa'idata, ba na sallama kaya sai na gwada a gaban mai shi. Shekara talatin ba wanda ya taɓa dawo min da kwali yana zagina."

Ya miƙa hannu zai ɗauko faifan gwajinsa. Niyyar Auta sai ta je gida, amma in ta je ya ƙi buɗewa fa? In ta ɗauki wadda ba ita ba fa? Kafin ta gama shawara hannunta ya riga ya zuge jaka.

"Baba, gwada da wannan."

Ta ajiye shi a kan kanta.

Dariyar Yaya ta ɗauke ɗif.

"Ina kika samo wannan?"

Ba *mene ne wannan* ta ce ba. Auta ta ji tambayar sarai, amma hankalinta ya tafi kan dattijon, don shi ma ya ƙame. Ya ɗaga tabaransa ya dubi faifan, ya dubi cikinta, ya sake duban faifan. Bai taɓa shi ba.

"Wannan ba zai buɗe ba, 'yata."

"Ai ba ka gwada ba."

"Na asibiti ne. Ba fim ba ne. Irinsu sai kwamfuta."

"Ka gwada dai."

"Auta, tashi mu tafi," Yaya ta ce. "Rana ta yi, kin san likita ya hana ki..."

"Ba inda za ni. Baba, don girman Allah ka saka."

Ya saka. Na'urar ta haɗiye faifan ta yi ta gurnani. Auta ta kafe talabijin da ido. Tana tsoron abin da za ta gani, tana kuma tsoron kar ta ga komai. Can sai ga shuɗin allo da ɗan rubutu a tsakiya.

"Me ta ce?"

"Ta ce ba ta gane shi ba."

"Saka a ta ukun. Ka ce ita ce uwarsu."

"Ita ma haka za ta ce."

"Yaya aka yi ka sani?"

Dattijon ya ciro faifan ya mayar gidansa, yana lallaɓa tsagewar da babban yatsa don kar ta ƙaru. A nan idon Auta ya sauka kan wani abu da ke gefen akwatin kuɗinsa, kusa da sukurdireba. Naɗin salatif ne, ruwan ɗorawa, faɗinsa ɗaya da wanda ke jikin faifan.

Ta miƙe a hankali, tana dafa kanta.

"Baba, kai ka liƙe wannan."

"Salatif ai ko'ina akwai shi..."

"Ka dube ni ka ce ba ka taɓa ganin faifan nan ba."

Dattijon ya dubi Yaya, Yaya ta girgiza masa kai da sauri. Ya cire tabarau ya goge da gefen riga, ya daɗe yana gogewa.

"Na tsufa da ƙarya," ya ce. "Zauna, sai in faɗa miki. In ba ki zauna ba, wallahi ba zan ce komai ba."

Ta zauna.

"Ran Litinin wani mutum ya shigo. Dogo, yana da tabon ƙuna a bayan hannun dama, ga baƙin gilashin masu walda a goshi."

"Mijina ne."

"Na gane tun da kika ajiye faifan. Shi ma tambayar da kika yi ita ya yi, wai wacce ce take buɗe kowane faifai. Muka gwada ukun nan duka, suka ƙi. Hannunsa na rawa har gidan faifan ya suɓuce ya tsage, na liƙe masa. Ya ce min likita ya riga ya yi masa bayani, amma shi so yake ya gani da idonsa, shi kaɗai, ba mai kallonsa. Sai na tausaya masa na kai shi kan kwamfutata a ciki."

"Me kuka gani?"

"Ni ban iya karanta hoton likita ba, 'yata."

"Me kuka gani, Baba?"

"Baba, ka ji tsoron Allah, jininta hawa yake!" Yaya ta faɗa.

"Ke ki bar shi!"

Dattijon bai taɓa jin mai ƙaramar murya kamar Auta ta yi irin wannan tsawa ba, har mai shagon da ke maƙwabtaka ya leƙo ya koma. Dattijon ya sunkuyar da kai.

"Hoton cikin kai ne, baƙi da fari. Ya yi ta wucewa yana wucewa, can ya tsaya. Ya ɗora yatsa a kan wani farin abu, bai fi ƙwan tantabara ba, ta wajen ƙeya. Ya ce, ga shi nan. Daga nan bai ƙara magana ba. Ya zauna a bencin nan da kike kai, ya rufe fuska da hula. Sai da na rufe shago rabi don kar mutane su gan shi."

Kunnuwan Auta suka ɗauki ƙara. Abin da ke cikinta ya motsa da ƙarfi, ta dafe shi ba tare da ta sani ba. Ƙari a kai. Kalmar da take gudu tun jiya, wadda ko a zuciya ta ƙi furtawa, ga ta nan ta zo ta same ta a shagon bidiyo.

"Ido ne ya ce min," ta faɗa a hankali. "Tabarau ya ce."

"Sha ruwa, 'yata."

"Ba na sha. Daga nan sai ya tafi?"

Dattijon ya durƙusa da ƙyar ya jawo wani kwali daga ƙarƙashin kanta ya ɗora a sama. Irin ta ukun ce, sabuwa dal, an ɗaure ta da igiya. A saman kwalin an yi rubutu da alli irin wanda masu walda ke zana ƙarfe da shi, manyan baƙaƙe a karkace. Ko a mafarki Auta ta san rubutun.

NA AKU. KAR A SAYAR.

"Da ya samu kansa sai ya ce tunda ya zo ba zai fita hannu biyu ba. Ya ce yarinyar za ta daɗe a kwance bayan aiki, yana son abin da zai ɗebe mata kewa, wanda ba sai uwarta ta riƙa tashi canza faifai ba, don ita ma ba lafiya gare ta ba. Shi ya sa ya ɗauki mai intanet. Ya zauna na koya masa komai, yadda ake jona ta, yadda ake jera kartun su yi ta bin juna. Sau uku yana sa ni in maimaita."

Auta ta ɗora hannu a kan rubutun. Allin ya ɗan shafa a yatsunta.

"Aiki za a yi mata?"

"Haka ya ce."

"A kai?"

Ya gyaɗa kai.

"Akwai abin da ka rage, Baba. Ina gani a fuskarka."

"Ba wani abu ba ne."

"Faɗa min."

"Ni dai na yi ta yaba masa hoton, ina cewa ya dubi tsabta, ya dubi launi. Sai ya ce in bar zancen hoto. Wai in zaɓar masa wadda sautinta ya fi fita, da rimot mai manyan maɓallai wanda ake ganewa da taɓi." Ya kau da kai. "Ya ce likita bai yi masa alkawarin idon ba."

Wani sauti ya fito daga maƙogwaron Auta, ba kuka ba, ba magana ba. Yaya ta rungumo kafaɗarta, Auta ta fizge.

"Yaushe ya ce zai zo ya ɗauka?"

"Auta, ya isa haka..."

"Yaushe, Baba?"

"Ya biya ya ce in ajiye masa zuwa Alhamis da yamma. Ya ce in na gan shi, to an dace. In kuma har na rufe shago bai zo ba, kar in neme shi, in ba wa duk mai ƙaramar yarinya da na ga ya dace."

Talabijin shida na ta surutu a bango. Na bakwai na nan da shuɗin allonsa. Auta ta ɗaga kai ta dubi kalandar da ke rataye bayan dattijon, ta daɗe tana dubanta kamar ba ta iya karatu ba.

"Yau wace rana ce?"

Ta juya wajen yayarta.

"Yaya, yau wace rana ce?"

"Alhamis," Yaya ta ce, hawaye na zubo mata.

Sai safiyar yau ta dawo mata tiryan-tiryan. Ta haɗa wa Aku shayi da burodi, ubanta ya ce a bar shi, sun makara, zai saya mata a hanya. Yarinyar ta ce ƙishirwa take ji, ta ɗauki kofi, ya karɓe daga hannunta ya ajiye a saman firiji. Auta har ta ji haushinsa a ranta. Jakar makarantar ta kumbura fiye da kullum. Shi da kansa ya ɗaure mata takalmi, abin da bai taɓa yi ba.

Ita kuwa uwar? Hankalinta na kan faifan da ta tura ƙarƙashin katifa, Allah-Allah take su fita. A bakin ƙofa Aku ta juyo ta ce, "Mama, ki ajiye min burodina." Ita kuma ta ce, "To, je ki kar ku makara." Ko rungumarta ba ta yi ba. Ko kanta ba ta shafa ba.

"Ba makaranta ya kai ta ba," ta ce.

"Auta, ki saurare ni..."

"Kewata kike ji? Shi ya kawo ki gidana da sassafe?"

"Shi ya roƙe ni. Ya ce in zo in zauna da ke, in ɗauke miki hankali har a fito."

"Shi ya sa kike neman mai ruwan toka."

"Me kike so in yi? Kin ce sai kin fito! Na ce gara nan da ki zauna a gida ki ce za ki kira malamarsu."

"Tun yaushe kika sani?"

"Kwana goma."

"Kwana goma! Kina zuwa gidana, kina cin abinci da ni, kina kallon 'yata tana bangazar bango?"

"Likitanki ne ya ce in kika ji za a iya rasa ku biyu! Mijinki ya zo gidana ya durƙusa, namiji guda yana kuka kamar yaro. Ya ce Yaya, ba zan iya rasa su uku ba. Ke da kece ni me za ki ce masa?"

"Ni na haife ta!" Auta ta buga ƙirji. "Ni na haife ta, Yaya! Aka kwantar da ita a gaban wuƙa ba uwarta a kusa? Ta tambaye ni? Ta yi kuka? Aku da ko allura sai na rufe mata ido da hannuna?"

Dattijon ya zagayo da kofin ruwa ya tsaya a gefe, ya rasa wa zai ba.

"Ƙarfe nawa aka shiga da ita?"

"Tara."

"Awa nawa aka ce?"

"Uku, ko da 'yan mintoci."

Su ukun suka dubi agogon bango tare. Ɗaya saura kwata.

"Ya wuce," Auta ta ce. "Ya wuce, Yaya. Me ya sa bai kira ba?"

"Irin wannan aikin ba a yi masa gaggawa. Ƙila sun makara shiga. Ƙila..."

"Wane asibiti ne? Tashi ki kai ni."

"Ki bari ya kira tukun. Dubi ƙafarki yadda ta kumbura, dubi idonki. Baba, don Allah ka sa baki."

"'Yata," dattijon ya ce, "ni na jawo wannan da bakina, ki yafe min. Amma ki zauna minti biyar, ki sha ruwan nan, ni da kaina zan tsayar muku da mota."

"Ba kai ka jawo ba, Baba. Kai kaɗai ka gaya min gaskiya."

Ta yunƙura ta miƙe. Shagon ya juya mata, talabijin ɗin suka haɗe suka rabu. Wani ciwo ya sara mata a tsakiyar kai, ta riƙe igiyar kwalin nan gam don kar ta faɗi. Ba ta taɓa jin tsoro irin wannan ba tun da uwarta ta haife ta. Addu'ar ma ta ƙi haɗuwa a bakinta, sunan Allah kawai take maimaitawa.

Wayar Yaya ta yi ƙara.

Duk suka daskare. Yaya ta dubi fuskar wayar, ta yi saurin kifa ta a ƙirji ta juya za ta fita waje.

"Bari in amsa a..."

Auta ba ta san inda ƙarfin ya fito ba. Taku ɗaya ta yi ta damƙe hannun yayarta, ta murɗe wayar ta ƙwace. *Baban Aku*, haka aka rubuta.

"Auta, ba ni! Don Allah ba ni in fara ji!"

Ta danna ta kara a kunne. Ba ta ce uffan ba, ta ma riƙe numfashinta.

Hayaniyar asibiti ce ta fara shigowa, ƙarar ƙafar gado a kan siminti, wata mace na kiran wani daga nesa. Sannan numfashinsa, sama-sama, kamar wanda ya yi gudu.

"Yaya? Yaya, kina ji na?"

Muryarsa ta dushe har ba ta so ta gane ta ba.

"Tana kusa da ke? In tana kusa ki matsa inda ba za ta ji ba."

Auta ta runtse ido. Yaya ta toshe baki da hannu biyu.

"Yaya, likitan ya fito. Bai gaya min komai ba, na tambaye shi ya ƙi dubana." Ya ja numfashi, muryar ta karye. "Cewa ya yi in kira masa uwar yarinyar. Wai ta zo yanzu."